Kuɗin buhu da kuɗin kiret: lissafin abincin kaji da ke karya masu kiwo a Kano

Wata Asabar ina zaune a shagon da nake sayen abincin kaji, a kan hanyar Zariya, sai ga wata mata ta sauko daga adaidaita sahu. Kaji masu ƙwai 200 take kiwo a bayan gidanta. Ta gaisa, ta tambayi kuɗin buhu, aka faɗa mata. Ta yi shiru, ta sake ƙirga abin da ke cikin jakarta, sannan ta ce, "Alhaji, don Allah babu mai ɗan sauƙi-sauƙi?" Ya nuna mata wasu buhuna da ke jingine a lungu, ya ce, "Akwai wancan, Hajiya, amma ni dai ba zan ce miki ɗaya suke ba." Ta ce a ɗora mata biyu daga na lungun. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Na taɓa tsayawa inda ta tsaya, kuma na san abin da ke kai mutum can: kaza ba ta san babu ba, gari na wayewa sai ta ci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ta fara yi, domin kusan dukkanmu da ita muke shiga shago: nawa ne buhu? Alhali mai kajin ƙwai kiret yake sayarwa, mai burola kuwa nama. Tambayar da ke raba riba da asara ita ce, abincin nawa kajina suka ci kafin su ba ni kiret ɗaya? Masu kiwo da yawa a garin nan sun rufe keji ba su taɓa zama sun yi wannan lissafin ba.

Duk wanda ya yi kiwon kajin gidan gona ko na wata shida ne ya san abinci ke cinye jari. A kowace naira goma da za ka kashe, shida zuwa bakwai a bakin kaza suke ƙarewa. Rigakafi, dusar katako, gawayin ɗumama 'yan tsaki, kuɗin yaron da ke kula da keji, duk a ragowar suke. Shi kuma abincin, fiye da rabinsa masara ce, waken suya na biye. Masarar nan dai ita ce tuwon gidajenmu, ita ce kokon safe. Kaza da mutum kwano ɗaya suke ci, shi ya sa idan kasuwar hatsi ta Dawanau ta motsa, kafin mako ya zagayo shagon abincin kaji ya motsa. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi kan sauko. Daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai iso ba, farashi sai sama.

A kan wannan hawa da sauka na kowace shekara aka ɗora wasu nauye-nauyen. Tsutsar nan mai cinye masara a gona ta bayyana a Najeriya a 2016. A watan Yulin 2020 Babban Banki ya daina bai wa masu shigo da masara daga waje dala. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya sa ƙwai ya taru a gidajen gona babu mai saye, kaji kuwa ba su daina ci ba. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu. Yawancin abincin kamfani da muke gani a shagunan Kano mota ce ke kawo shi: Vital Feed daga Jos, Chikun da Hybrid daga Kaduna. Ƙananan sinadaran da ake zubawa a ciki kuwa daga ƙetare suke zuwa, da dala ake sayo su. Ga kuɗin mota, ga canji, duk a kan buhu suke sauka.

To mu dawo kan garken Hajiyar nan, domin lissafinsa mai sauƙi ne. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Idan aka haɗa da ɗan abin da ke zubewa, kaji 200 suna tashi da buhu ɗaya mai kilo 25 kusan kullum. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka zan ɗauki lambobin misali kawai: buhu mai kyau naira 15,000, na lungu 13,500, kiret 5,000. Kaji 200 da ke kan ganiyarsu, in abinci ya cika, za su iya ba da ƙwai 170 a rana, wato kiret 5 da ƙwai 20. In abinci ya gaza suka sauko 140, kiret 4 ke nan da ƙwai 20. Kiret guda cur ya tafi. Ta tsira da 1,500 a shago, ta bar 5,000 a keji. A wata giɓin ya kai 105,000. Idan ka raba kuɗin buhu da yawan kiret, za ka ga a buhu mai tsada kiret ɗaya ya ci abincin kusan 2,650, a mai araha kuwa kusan 2,900. Garin neman ƙiba an samo rama.

Abin da ke sa mutane ba sa gane hakan shi ne ƙwai ba ya sauka ranar da aka canja buhu. Kaza takan ɗebi abin da ya gaza daga jikinta ta ci gaba da yi, sai bayan mako ɗaya ko biyu ƙwan ya fara ƙanƙancewa, ɓawo ya yi laushi, adadi ya ragu. A lokacin mai kaji ya manta ya canja abinci. Sai ya ce cuta ce, ya ruga shagon magani ya sayo na zubawa a ruwa, ya ƙara asara a kan asara. Ko an koma abinci mai kyau ma, sai an ɗauki makonni kafin su dawo daidai.

Amma kada wani ya ɗauka ina cewa mai tsada shi ne mai kyau. A misalin nan, ƙwai ɗaya ya kama kusan naira 167, don haka rangwamen 1,500 daidai yake da ƙwai 9. Idan buhu mai araha ƙwai 4 kawai ya rage maka a rana, shi ya fi riba, kuma wanda ya nace wa mai tsada saboda sunan kamfani shi ke zubar da kuɗi. Na ga ƙananan masu niƙa a cikin garin nan da abincinsu bai gaza na kowa ba, na kuma ga buhu mai suna da ya kwana biyu a shago har ya rasa ƙarfinsa. Hanya ɗaya ce ta sani, ita ce littafi. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa: buhu nawa aka buɗe, ƙwai nawa aka kwashe, nawa ya fashe, kaza nawa ta mutu, ranar da aka canja abinci. Mai ɗaki biyu ya ba ɗaya sabon abincin, ɗayan ya bar shi kan tsohon, ya kwatanta bayan mako uku. Canjin ma a hankali ake yi, ana gauraya tsoho da sabo har kusan mako guda, domin canjin farat ɗaya shi kansa yana sauke ƙwai.

Mai burola lissafinsa ya fi gaggawa. Da abinci mai kyau da kulawa, kilo 1.7 na abinci kan zama kilo ɗaya na nauyi, wato kaza mai kilo 2 ta ci kilo 3.4. Kaji 100 buhu 14 ke nan. In abincin ya yi rauni har sai ta ci kilo 2.1 kafin ta ƙara kilo ɗaya, buhu 17 za ka buɗe. Ga ƙarin kwanaki, burola kuwa da ta wuce mako shida cinta ƙaruwa yake yi, girmanta na raguwa. A kasuwar Tarauni ko ta Yankaba ba sikeli dillali ke sawa ba, ɗaga kaza yake ya shafa ƙirjinta ya yi tayi. In ƙirjin ƙashi ne, hannunsa ya riga ya gaya masa. Wanda kuma ya shirya wa sallah, kajinsa suka makara da kwana goma, ya tarar kasuwa ta watse.

Daga nan ne mutane da yawa ke cewa bari in haɗa nawa. Ni ma na faɗa, shekarar da masara ta yi tashin gwauron zabi. Watannin farko na ji daɗi. Sai cikin Agusta wani ya kawo mini ƙuli-ƙuli a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, na saya da yawa na jibge a ɗakin ajiya a kan siminti. Bayan wasu makonni ƙwai ya fara sauka, kaji suka yi laƙwas, ana tsintar ɗaya ko biyu a mace da safe. Na canja magani har sau biyu. Da likitan dabbobi ya zo ya farke guda biyu, ya nuna mini hanta: ta kumbura, ta koma ruwan ɗorawa, ana taɓawa tana dagargajewa. Bai tambaye ni rigakafi ba, cewa ya yi in kai shi wurin ajiya. Ya tura hannu can ƙasan buhu ya ciro. Ƙulin da ɗumi, ya dunƙule, da wani kore-kore a jiki da warin ruma. Ya ce, "Malam, ba magani kajinka ke buƙata ba. Ka zubar da wannan yau, kada ka ba wa ko akuya."

Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in sun sha danshi tana fitar da gubar da ake kira aflatoksin. Ta hanyar kaji duniya ta fara saninta: a 1960 'ya'yan talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka gano garin gyaɗar da aka sayo daga Brazil ne. Shanyawa a rana ba ta kashe ta, suya ma ba ta kawar da ita. Hanta take ci, ta kuma raunana garkuwar jiki, har ka yi rigakafin Gumboro a kan lokaci amma cutar ta shigo. Mu da muke ƙasar dalar gyaɗa, ƙuli a ƙofar gida yake, shi ya sa wannan haɗarin ya fi kusa da mu.

Duk da abin da ya same ni ban daina haɗa abinci ba, kuma ba na hana kowa. Sai dai ya kamata mutum ya san aikin kowane abu da ya zuba. Masara ƙarfi take bayarwa, furotin ɗinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 cikin 100 ba. Waken suya da aka tatse mai yana da kashi 44 ko fiye, shi ne ƙashin bayan gina jiki. Ɗanyen waken suya kuwa yana da abin da ke hana narkewar abinci, dole a soya shi, kuma in ya ƙone ya rasa amfaninsa. Ƙuli mai tsabta yana kusa da waken suya a yawan furotin, amma ya gaza a wasu sinadarai biyu, laisin da metiyonin, waɗanda in babu su kaza ba za ta iya gina nama ko ƙwai da sauran ba. Saboda haka ƙuli na iya maye gurbin wani ɓangare na waken suya, ba duka ba, kuma sai an cike giɓin. A kula da ƙulin ci na kasuwa, wanda aka sa wa gishiri da yaji: gishiri in ya yi yawa kashin kaji ruwa yake zama, keji ya jiƙe.

Inda nake ganin mu 'yan Kano muna barin dama shi ne dawa. Kaura da farfara suna iya ɗaukar babban kaso na gurbin masara, kuma akwai shekarun da suke fin ta sauƙi a Dawanau. Jar dawa mai bauri ce ake taka-tsantsan da ita, domin baurin nan yana rage cin abinci da narkewarsa. Gwaiduwa takan yi haske in babu masara mai ruwan ɗorawa, amma ɗan busasshen ganyen zogale, kaɗan, yana dawo da launi. Gero ma abinci ne mai kyau ga kaji, tsadarsa ce kawai ke hana shi shiga. Dusa kuwa ita ce tarkon da ya fi kama mutane, saboda tana cika buhu da kuɗi kaɗan. Dusar alkama da ta masara suna da wurinsu, amma cikin kaza ƙarami ne, in ta cika shi da dusa ta ƙoshi ba ta samu komai ba. Yanzu da injinan shinkafa suka yawaita a Kano, sai an duba dusar shinkafa da kyau, domin akan niƙa ɓuntu a gauraya, shi kuwa ɓuntu bai da abin da zai ba kaza. Garin kifi da garin ƙashi ma a ɗebi kaɗan a zuba a kofin ruwa a motsa, in da yashi zai kwanta a ƙasa.

Akwai kuma matsalar gaurayawa. Firimis, wato haɗin bitamin da ma'adinai, kimanin kilo 2.5 ake sawa a tan guda, wato giram 250 a kilo 100. Babu yadda shebur zai raba wannan daidai in an watsa shi kai tsaye. Sai an fara cuɗa shi da kwano ɗaya na garin masara, a ƙara a cuɗa, a ƙara, har ya game. Mai kaji 100 ko 200 da ba shi da sikeli mai kyau, shawarata ya sayi konsantiret na kamfani, wato haɗin furotin da bitamin da ma'adinai da aka riga aka gauraya, ya haɗa da hatsinsa yadda aka rubuta a jikin buhu. Ya rage kuɗi a ɓangaren da ya iya tantancewa da ido da haƙori, ya bar wa masu inji ɓangaren da ba ya gani. Mai son haɗa komai da kansa ya nemi wanda ya karanci fannin, a Jami'ar Bayero ko cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ko cikin malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, ya rubuta masa ma'auni daidai da kayan da ke hannunsa. Ma'aunin da aka turo a WhatsApp bai san irin ƙulin da ka saya ba.

Shekarun kaza ma suna nuna inda za a sassauta. Ɗan tsakon burola a makonni biyun farko abin da yake ci duka bai wuce rabin kilo ba, wato buhu 2 ga guda 100. Rowa a nan ba ta tara komai, ɓarnarta kuwa har ranar sayarwa. A sayi sitata, wato abincin 'yan tsaki, mafi kyau da aka samu, mai furotin kashi 22 zuwa 23. Kajin ƙwai daga mako 9 zuwa 16 su ne ke iya jure abinci mai sauƙi da ɗan ƙarin dusa, muddin ana auna su ana ganin nauyi na tafiya daidai. Da sun fara ƙwai kuwa, kusan mako 18 zuwa 20, magana ta canja. Kowane ɓawon ƙwai yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam, kuma kaza sai ta ci kusan giram 4 a rana kafin ta iya. In ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta za ta cira, har ka ga ta gurgunce. Abin takaici, farar ƙasar kaji, wadda ke ba da kalsiyam ɗin, tana cikin mafi araha a duk haɗin. Da dare ake gina ɓawo, don haka mai tsakuwa-tsakuwa da aka ba da yamma ta fi amfani.

Sai zafin Kano. Daga Maris zuwa Mayu rana na wuce digiri 40, kaji su buɗe baki suna haki, ci ya ragu. Kazar da ke cin giram 115 ta koma 95, buƙatar jikinta kuwa ba ta ragu ba. A bazara ne abinci mai rauni ya fi yin ɓarna, domin ɗan abin da ta iya ci dole ya ƙunshi komai. A ba su da asuba da kuma yamma in rana ta yi sanyi. A duba ruwa: kaza tana shan kusan ninki biyu na abin da take ci, da zafi fiye da haka, kuma in tanki na kan rufi rana na dafa shi, ba za ta sha ba. In ba ta sha ba, ba za ta ci ba. Buhun algarara da aka jiƙa aka naɗe tanki da shi ya fi magunguna da yawa amfani a watan Afrilu.

Mai jarin da ba zai iya ɗaukar wannan ɗawainiyar ba, ba dole ba ne sai burola ko kajin ƙwai. Noiler, wato kajin da ake kiwo don nama da ƙwai duka, da kajin Hausa suna kiwo a tsakar gida, suna jure dusa da ragowar abinci, sai dai su ɗauki lokaci.

Kafin mutum ya taɓa ingancin abinci, ya fara leƙa ƙasan mazubi. Shiga keji da yawa ka tona dusar katako, za ka ga gari fari. Mazubin da aka cika fal, kaza da baki take watsar da shi. A zuba kashi ɗaya cikin uku, a rataye shi daidai tsayin bayan kaza, a riƙa ɗagawa suna girma. Ɓeraye da dare, tsuntsaye da rana, buhu a kan siminti yana shan danshi. A ɗora a kan katako, a janye daga bango, a duba ranar da aka buga a jikin buhu, kada a ajiye haɗaɗɗen abinci fiye da wata guda a zafin nan. Mai hali ya sayi hatsi da kaka, busasshe wanda in ka ciza zai yi ƙaras, in shi kaɗai ba zai iya ba su haɗa kuɗi su huɗu ko biyar su je Dawanau.

Da Hajiyar nan ta nemi shawarata ran nan, abin da zan fara ce mata shi ne ta ɗauki tocila ta shiga keji bayan isha, lokacin da kaji suka natsu. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mai yin ƙwai zankonta ja ne, cikakke, da ɗumi, kuma yatsu biyu zuwa uku na shiga tsakanin ƙasusuwan nan biyu da ke gefen mafitar ƙwai. Wadda ta daina, zankon ya ƙanƙance ya yi fari-fari, yatsa ɗaya da ƙyar. Ta ware masu shakku a wani lungu na kwana uku ta tabbatar. Daren da na fara yin haka a garkena, 23 na cire cikin 300, kuma washegari ƙwan da na kwashe bai ragu ba. Kusan buhu 3 suke cinye mini a wata ba tare da ƙwai ɗaya ba. Na kai su kasuwa ranar Juma'a, kuɗinsu ya sayo wa sauran abinci mai kyau na kwanaki.